Lamarudu Mai Burodi

Tymen Kolk mai burodi ya shiga Littafi Mai Tsarki ya fi a ƙirga, kuma bai taɓa shiga a mutumin kirki ba. Ya yi Kayinu, ya yi Goliyat, ya yi ɗaya daga cikin yayyen Yusufu, wanda ke riƙe da igiya a bakin rijiya. Duk aikin ƙanensa ne, Reyer mai zane, wanda tun da ya fara riƙe baƙin alli bai san wata fuska ba sai ta yayansa. In aka ce a zana wani mugu, sai Reyer ya sauko daga ɗakinsa na sama ya tsaya a ƙofar tanda ya ce, "Yaya, in ka gama ina son Fir'auna."

Fuskar kuwa ta isa a zana ta. Faffaɗa ce, ja, ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ga hanci da ya karye tun yana saurayi, ranar da santsin ƙanƙara ya kwashe shi da kwandon burodi a ka. Hancin ya warke a karkace, ya kumbura kamar albasa. A unguwar tsohuwar gada babu wanda bai san shi ba. Da asuba in Tymen ya leƙo zai busa ƙaho don a san burodi ya gasu, hancin ke riga ƙahon fitowa.

Tymen ne ya riƙe Reyer bayan rasuwar iyayensu. Shi ya kai shi koyon zane lokacin da dangi ke cewa a tura shi jirgin ruwa ya zama mutum, kuma bai taɓa goranta masa ba. Zanen Reyer ɗai-ɗai ake saye, a manna a bangon ɗakin girki, hayaƙi ya cinye shi a shekara. Da haka suke zaune, ba yabo ba fallasa, har zamanin da masu kuɗin Amsterdam suka fara aske kansu suna ɗora gashin aro.

A wannan zamanin ne Volkert Stam mai buga littattafai ya ƙudura fitar da babban Littafi Mai Tsarki mai hotuna, irin wanda ake ajiyewa a kan teburi ya yi gado uku. Ya aiko wa Reyer cewa ya gwada zana hasumiyar Babila, da sarki Lamarudu tsaye yana ba da umarni. In ya yi, sauran labaran masu girman kai duka nasa ne.

Reyer ya kawo labarin ana cin abincin rana. Tymen ya ajiye kifinsa, ya goge hannu a riga.

"Lamarudun nan ni ne," ya ce.

"Da wa zai zama, Yaya?"

"A'a, tsaya ka ji. Ni nake nufi, yadda za a gane. Masu gari suna da fuskokinsu a bango, kowa da farin wuyan rigarsa. Mai burodi babu mai zana shi. Ina so bayan raina jikokina su buɗe littafi su ce ga kaka."

Matarsa Dieuwer tana yanka cuku, ba ta ɗago ba. "Duk mutanen da ke cikin Littafin ka rasa wanda za ka zama sai wanda Ubangiji ya yi fushi da shi."

"Sarki ne dai."

"Sarkin da bai gama gini ba. Ai kun dace, ga rumfar bayan gida can tun bara."

Tymen bai kula ta ba. Ƙanensa yake kallo. "Ka yi mini alkawari?"

"Na yi, Yaya." Reyer ya faɗa da cikakken baki, don a ranar bai san akwai wata hanyar zana sarki ba.

Zanen farko ya yi shi yadda ya saba. Tymen ya tsaya a ɗakin sama, ya yafa bargon Dieuwer na fita kunya, ya naɗa tawul a ka, ya ɗaga hannu yana nuna rufin gida. Masu ginin kuma Reyer ya kwaso su daga bakin ruwa inda ake sauke tubali: wani na susar ƙeya, wani ya juya baya yana cin kifi a ɓoye, biyu na cacar baki a kan tsani. A gindin hasumiyar ya sa kare. Da Tymen ya gani ya yi dariya har da hawaye, ya ce ko shi da kansa ya ji tsoron kansa.

Stam ba ya karɓar zane a shago. Ranar Laraba da la'asar masana ke taruwa a gidansa, su kewaye teburi mai koren mayafi, a zuba shayi, a kunna lofe. Takarda takan tashi daga hannun mai gida ta bi dama, kowa ya tallabe ta a tafin hannu biyu kamar jariri, ya duba, ya miƙa gaba. Ba a magana sai ta dawo inda ta taso. Wanda ya yi zanen yana tsaye jikin bango da hularsa a hannu, yana kallon fuskoki, fuskokin kuma sun ƙware wajen ƙin faɗar komai.

Takardar ta dawo. Stam ya cire lofe daga baki. Mutum ne da ya taɓa zuwa Rum yana saurayi, zazzaɓi ya kwantar da shi kusan duk zaman da ya yi a can, amma zuwa zuwa ne.

"Zane ya yi," ya ce. "Har yunwa na ji. Wannan ba shi ne wanda kukuna ke sayo burodi wurinsa ba?"

"Yayana ne, ranka ya daɗe."

"Allah ya bar zumunci. Me yake yi a Babila?"

Aka yi murmushi a kewayen teburin, kowa daidai matsayinsa. Wani likita mai dogon gashin aro ya sa baki. Ya ce sarki ko mugu ne sarki ne, kuma mutanen dā sun riga sun yanke cewa tsawon jikin cikakken mutum kai takwas ne. Ya auna wannan, shida ya samu, har da rawanin.

"Girman kai ba a fuska ake nuna shi ba, malam Reyer," in ji Stam. "A tsayuwa yake, da yadda aka ɗaga hannu. Fuskar sarki ba ta kowa ba ce. Da zarar mai kallo ya gane maƙwabcinsa, wa'azi ya tashi, sai dariya. Ni kuwa ba littafin dariya zan buga ba." Ya sake duba ƙasan takardar. "Karen nan fa?"

"Fitsari yake yi, ranka ya daɗe."

"A jikin hasumiya."

"Haka karnuka suke yi."

"Ba a Rum ba."

Reyer bai taɓa zuwa Rum ba, don haka bai yi musu ba. Da zai tafi Stam ya ba shi aron kan wani sarkin Rumawa na farar ƙasa, naɗe cikin ciyawa, ya ce ya ajiye shi inda zai riƙa ganinsa kullum. Ya ƙara da cewa yayan nasa ba a yar da shi ba, kafaɗunsa masu kyau ne, a yi amfani da su.

A gida Tymen na jiransa a bakin ƙofa. "Yaya suka ce?"

"Sun ce zane ya yi. 'Yan gyare-gyare ne."

Ba ƙarya ya yi ba, kuma ya sani sarai ba gaskiya ya faɗa ba.

Ana goge baƙin alli da tsakiyar burodi, mai taushi, wanda bai kwana ba. A murza shi a mulmula, a danna a kan layi, ya ɗauke shi tas. Tun daga washegari Reyer ya riƙa saukowa da safe yana karɓar burodi mai zafi, Tymen yana zaɓo masa mafi laushi da murna. "Yaron nan ya fara cin abinci," yake gaya wa Dieuwer. Yaron kuwa ya haura talatin.

Kare ya fara tafiya, sai mai cin kifi. Masu cacar baki suka shirya, suka tuɓe riguna, suka zama samari masu ƙirar jiki ɗaya, suna ɗauke da duwatsu kamar wanda ya ɗauko matashin kai. Hasumiyar da ta karkace ta miƙe, ta sami ginshiƙai jere-jere. Daga nan aka zo kan sarki. Reyer ya goge tumbin, ya ja ƙafafu har lissafi ya cika, ya sauke tawul ya ɗora ganye a kan. Fuskar ya bari, kullum yana ce wa kansa gobe.

Tymen bai fasa hawowa ba. Bayan azahar, lokacin da mai burodi ke rama barcinsa, sai ya hau tsani yana nishi, ya yafa bargo, Reyer ya ɗaura masa wuyan hannu da igiya a jikin katakon rufi don kada hannun ya sauko. Kan farar ƙasa na kan kujera a gefe, an rufe shi da tsumma. Reyer ya kafa doka cewa ba a kallon zane sai an gama, wai sabon salo haka ya gada. Wani lokaci Tymen ya yi barci a tsaye, hannu a sama, yana minshari, Reyer ya lallaɓa ya yaye tsumman ya riƙa kallon wancan yana kallon wannan.

"Mutum ya kwana a tsaye gaban wuta, ya wuni a tsaye yana mulkin Babila," in ji Dieuwer daga ƙasan tsani. "Reyer, in ka gama da mijina ka sauko mini da bargona."

A shago kuwa magana ta gama unguwa. Duk wanda ya shigo sai Tymen ya gaya masa zai shiga babban littafin Stam, a shafin hasumiya, tsakiya. Har ya fara miƙa burodi da hannu a sama. Reyer yana jin wannan duka daga ɗakinsa. Yana ƙaunar yayansa, wannan babu shakka a ciki. Amma yana son aikin nan, yana son ranar da za a ja masa kujera a teburi mai koren mayafi, son da bai taɓa sanin yana da shi ba sai da ya tsaya jikin bango.

Sai ya nemi sulhu. Ya ɗauki goshin Barumen da haɓarsa da idanunsa masu girma ɗaya, ya bar hancin Tymen a tsakiya. Ya ce ko ba komai wanda ya san hancin zai san mai shi, alkawari ya cika ke nan, ko da rabi. Ya kai zanen ranar Laraba.

Takarda ta kewaya ta dawo. Likitan ya ce hasumiyar ta yi kyau har da ana ba da haya da ya kama ɗaki a hawa na uku. Wani dattijon majami'a ya tambaya, cikin ladabi, me Ubangiji ya gani a gini mai tsari haka da zai tsayar da shi. Aka yi shawara aka ce a ƙara hadari a sama. Stam ya bari suka gama. Sannan ya yafito Reyer da hannu, karo na farko da ya kira shi kusa da teburin, ya ɗora ƙaramin yatsansa a kan hancin.

"Duba yanzu."

Reyer ya duba. Abin da ya fi ci masa rai, a ranar da kuma bayanta, shi ne Stam ya yi gaskiya. Da hancin ya ɓuya sai zanen ya yi shiru. Ga mutum tsaye, kyakkyawa, ba ya tsoron kowa, ya ɗaga hannu yana nuna sama kamar sama gonar ubansa ce, kuma mai kallo ya san za a kayar da shi. Reyer bai taɓa yin abin da ya kai wannan ba. Tsigar jikinsa ta tashi, kunya kuma ta biyo baya.

"Ko in sa shi a cikin masu ɗaukar tubali, ranka ya daɗe? Can baya, ƙarami."

"Masu ɗaukar tubalin ma mutanen dā ne," in ji Stam. "Kada ka ɓata aikinka saboda zumunci. Zumunci a gida ake yinsa."

Washegari Reyer ya sauko ya karɓi burodinsa, ya hau, ya rufe ƙofa. Aikin bai ɗauki lokaci ba. Ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga goshi zuwa leɓe, ya hure ɓurɓushin daga kan takarda.

Aka karɓi zane, mai sassaƙa ya kwafe shi a farantin jan ƙarfe, aka buga. Stam ya ba Reyer takarda ɗaya daga bugun farko. Ya yi kwanaki da ita a ɗaki yana neman lokacin da shago ba kowa, amma Tymen ya ji labari daga kukun Stam, ya aiko a kira shi da hantsi, shago cike da mata da kwanduna.

Tymen ya wanke hannu har gwiwa, ya goge, ya sake gogewa. Ya shimfiɗa takardar a kan katakon sayarwa. Mata suka matso. Ya daɗe yana kallo, ya duba tsakiya, ya duba masu ginin ɗaya bayan ɗaya, ya dawo tsakiya.

"To, maigida, kana ina?" in ji wata tsohuwa.

Tymen ya ɗora yatsa a ƙirjin sarkin. "Ga ni."

Ba wadda ta yi dariya. Da sun yi da ya fi sauƙi. Tsohuwar ta sunkuya ta ƙara dubawa, ta ce lallai ido ya fara ba ta matsala, ta biya ta fita. Dieuwer ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Ashe wannan nake aure," ta ce. "Da na sani da ban riƙa barinka kana tsayawa da matan unguwa ba."

"Hannun nawa ne," in ji Tymen. "Ki duba kafaɗar. Ni na san yadda na sha da igiyar nan."

"Hannun kam naka ne," ta ce, ta kalli Reyer sau ɗaya, ta koma ciki.

Da shago ya watse Tymen ya naɗe takardar a hankali. Bai ɗago ba ya ce, "Ban tsaya daidai ba ne?"

"Ka tsaya daidai, Yaya. Yanzu haka ake yi. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

"To."

"Zan yi maka naka daban. Kai kaɗai, da rigarka ta coci, babba, a sa a gilashi."

"In ka samu sarari," in ji Tymen. Ya ɗauko burodi ya miƙa masa, ya ce ya ci tun da zafi. Bai sake ta da maganar ba, ba a ranar ba, ba kuma daga baya ba. Reyer ya so a ce ya zage shi.

Sarari bai samu ba, don aiki ya zo kamar ruwan sama. Reyer ya zana Absalom rataye da gashinsa a reshe, fuskarsa a natse kamar mai jiran jirgin fito. Ya zana Haman, ya zana Nebukadnezzar yana rarrafe yana cin ciyawa cikin mutunci. Duk hancinsu ɗaya. Aka ja masa kujera a teburin Laraba, ya sayi gashin aro, ya koyi tallabar takarda ba tare da fuskarsa ta faɗi komai ba. Ya kama gida a bakin babban ruwa, ya cika kanta da kawuna da ƙafafu da tafukan hannu na farar ƙasa, waɗanda ba sa barci a tsaye, ba sa kuma tambayar me aka ce. Ranar da zai tashi daga ɗakin sama ya tattara tsofaffin takardunsa, su Kayinu da Goliyat da Fir'auna, ya hura murhu da su, domin baƙi masana suna da ɗabi'ar buɗe jakar zanen mutum ba tare da izini ba.

Yakan zo cin abinci ranar Lahadi. Wani lokaci da kansa yake cewa, "Yaya, zanen nan naka fa." Tymen ya ce, "Ai ina nan, ina za ni." Dieuwer ta ce a miƙo mata gishiri.

Shekaru suka tura. Tymen ya kamu da tarin da ke kama masu burodi, ya rame, tumbin da aka goge a takarda ya tafi da kansa. Wata safiya a ƙarshen sanyi unguwar tsohuwar gada ba ta ji ƙaho ba.

Dieuwer ta aika a kira Reyer, ta ce ya zo da takarda. Ya tarar an gyara Tymen a gadonsa na jikin bango, an sa masa farar riga da farar hula, an haɗa hannayensa a ƙirji. 'Ya'yansa mata biyu na zaune a ɗakin girki da ƙananansu. Masu hali sukan sa a zana mamacinsu kafin a rufe akwati, talaka kuwa sai dai ya riƙe a zuci. Dieuwer ta ja masa kujera kusa da taga.

"Kafinta zai zo da la'asar," ta ce. "Ga shi nan, yau ba ya motsi, ba sai ka ɗaure shi ba. Yaran nan ƙanana ne, za su manta. Ka yi mini shi yadda yake."

"Zan yi, Yaya Dieuwer."

Ta fita ta ja ƙofa. Reyer ya cire gashin aro ya ajiye a ƙasa. Ya kalli yayansa, baƙin ciki ya rufe shi, ya jira ya lafa. Fuskar tana nan yadda ya san ta tun yana goye a bayan mai ita, ta ɗan faɗa kawai. Hancin ma yana nan, ya karkace hagu. Ya ɗora alli a takarda ya fara, ya ji daɗin yadda hannun ke tafiya da kansa, ba tsayawa, ba shakka. Sai da ya kai haɓa ya ja baya ya duba. Wani kyakkyawan dattijo ne kwance, mai faɗin goshi, layi ɗaya daga goshin zuwa leɓe.

Ya ajiye ta a ƙasa ya ɗauki wata. Wannan karon da hancin ya fara, ya kafa masa ido, ya tilasta wa allin ya karkata. Ya karkata kuwa, amma karkatar da aka auna ce, ta fito kamar ado. Ya ƙanƙantar da ido ɗaya, sai fuskar ta zama ta Barumen da ke kashe ido. Ya san kowane lungu na fuskar nan, yana ganinta ga ta kamu biyu daga gwiwarsa, amma tsakanin idonsa da yatsunsa akwai wani mai gyara da ya zauna shekara da shekaru, kuma ba ya jin roƙo.

A ta uku ya daina kallon takardar gaba ɗaya. Ya zuba wa yayansa ido ya bar hannun ya bi, yadda yake yi yana yaro a bayan tanda. Ya yi a hankali, yana hawaye yana ja, har hasken taga ya koma ɗaya gefen gadon. Da ya sauke ido ya ga ta fi sauran biyun kyau. Da za a kai ta teburin Laraba da ba wanda zai sa yatsa a ko'ina.

Ya ji muryar kafinta a shago yana yi wa mata ta'aziyya, da ƙarar katako yana gogar ƙofa. Dieuwer ta shigo. Reyer bai ɓoye komai ba, ya jera mata takardun uku a bakin gado, kusa da mai su.

Ta duba ta farko ta ajiye. Ta duba ta biyu, ta kalli mijinta, ta ajiye. Ta uku ta kai bakin taga ta daɗe da ita. Reyer na jira ta faɗi ɗaya daga cikin maganganunta, ya ma shirya karɓa, don ya san ya ci bashinta tun tuni.

"Ban iya ba, Yaya Dieuwer," ya ce. "Na gwada. Hannun ya ƙi."

"Na gani." Ta matso da takardar kusa da ido. "Bar mini wannan. Kunnen nasa ne."

Reyer ya leƙa. A gefen farar hular, inda babu wanda ya taɓa koya masa yadda mutanen dā suke yi, ga kunne nan babba, mai kauri, ya ɗan lanƙwashe a sama, da gashi biyu-uku a ciki. Bai ma san lokacin da ya zana shi ba.

Dieuwer ta ninke takardar biyu, ta sake ninkewa, ta juya ta yadda kunnen kaɗai ke waje. Ta leƙa ɗakin girki ta kira jikokin, ta ce su zo su ga kakansu, sannan ta ce wa kafinta ya shigo.